Kafin Ku Dangwala Yatsa: Cocin Bayan Tasha da Makullin Ɗakin Baƙi

Iyayenmu dattawa, malamanmu, 'yan'uwa 'yan kasuwa da samarin unguwa, Allah ya ƙara mana zama lafiya a garin mutane.

Sati uku ke nan wata takarda tana yawo a Sabo, daga rumfa zuwa rumfa, mai iya rubutu ya sa hannu, wanda bai iya ba ya dangwala yatsa. Abin da take nema shi ne ƙaramar hukuma ta rufe cocin nan da aka buɗe bara a tsohon siton bayan tasha, mai allon da aka rubuta wa Otodoks. Ranar Talata aka kawo mana ita shago. Mun karanta ta daga sama har ƙasa, muka miƙa wa mai ita, ba mu sa hannu ba. Kafin la'asar labari ya kai mahauta wai liman ya ci kuɗin coci. Wanda ya ƙaga wannan mun yafe masa. Amma tun da akwai masu bin mu sallah, haƙƙinsu ne su ji dalilinmu daga bakinmu, kada su tsince shi a teburin mai shayi.

Masu takardar suna cewa cocin na bogi ne, limaminsa yana shigar malamai don ya ruɗi jahilai, kuma yana janye mana yara. Ta shigar ba za ta ci mana lokaci ba. Baƙar riga har ƙasa da gemu da hula ba a wurinmu ya ara ba. Haka limaman coci-cocin gabas suke shiga a Masar da Sham da Habasha tun kafin Shehu Usmanu ya yi hijira zuwa Gudu. Wanda ya taɓa ya da zango a Alkahira ko Adis Ababa kan hanyar Umara ya gan su a filin jirgi. A bar wannan.

Maganar bogi ita ce ke son a zauna. Wani yaro mai gyaran takalmi ya kawo mana 'yar takardar da limamin cocin yake rabawa. Da Turanci take, mu kuwa Turancinmu na ciniki ne, don haka muka ajiye ta sai da ɗanmu na jami'a ya zo hutu, muka yi dare uku yana karantawa, muna tambaya, yana bincikowa. Shafin farko maraba ce: kowa ya zo, kowace ƙabila, mai aure da bazawara, da wanda wani cocin ya kora, ba a tambayar kowa ko sisi. Shafi na biyu shi ya sa muka gyara zama. Jerin sunaye ne sama da ɗari, wane ya naɗa wane, wane ya naɗa wane, tun daga Bitrus, babba a cikin Hawariyawan Annabi Isa alaihis salam, har zuwa kan wanda ya naɗa mutumin bayan tasha. Muka ce ikon Allah, ai wannan salsala ce.

Duk wanda ya durƙusa gaban malami ya san abin nan. Ba a karɓar hadisi sai an ji wa ya faɗa wa wa. Mahaddacin da ke da ijaza yana jero malamansa har Warshu ko Hafsu, har sahabbai. Muƙaddami yana da takardarsa. To, tsofaffin coci-coci ma suna da irin tasu. A wurinsu mutum ba ya wayar gari ya ce shi bishop ne. Sai wasu bishop-bishop sun ɗora masa hannu a ka sun yi masa addu'a, su ma haka aka yi musu, a haka har a tuƙe ga Hawariyawa. Tun a taron da manyansu suka yi a Nikiya a shekara ta 325 suka tsayar cewa aƙalla bishop uku za su taru kafin a naɗa sabo. Kuma bishop ne kaɗai ke naɗa limamin coci. Ke nan in igiyar ta tsinke a wani wuri, a ganinsu duk abin da ke rataye a ƙasa ya faɗi. Coci-cocin lasifika da suka kewaye mu, waɗanda fasto ke cewa a mafarki aka kira shi, ba ruwansu da wannan. Katolika da Angilikan da Otodoks su ne masu riƙe da shi.

Otodoks na asali kuwa ba baƙi ba ne a tarihinmu. Antakiya, garin da masu tafsiri da yawa suke ambata in an zo ƙissar manzannin cikin Suratu Yasin, can suke cewa Bitrus ya fara kafa kujerarsa. Iskandariya ta Masar suna jingina ta ga Markus, kuma tun wata rabuwa da suka yi a 451 kujerar ta zama biyu, ta Kibɗawa da ta Girkawa. Daga Iskandariya Habasha ta riƙa karɓar bishop tun ƙarni na huɗu, ba ta samu uban coci nata na kanta ba sai 1959. Wato lokacin da sahabbai suka gudu daga azabar Ƙuraishawa suka fake wurin Najjashi, a ƙasar irin wannan coci suka sauka. A Najeriya ma akwai su. Girkawan da suka zo fatauci, irin gidan Leventis da iyayenmu suka yi ciniki da su, nasu ke nan, kuma har yau akwai babban bishop a Legas da ke ƙarƙashin Iskandariya.

Cocin bayan tasha ba ya ƙarƙashin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Mai zaman kansa ne, haka ma ya rubuta a takardarsa. Sunaye biyu da ke can kusa da ƙarshen jerin su suka gaya mana gidan da ya fito: Vilatte da McGuire.

George McGuire baƙar fata ne, an haife shi a tsibirin Antigwa a 1866. Ya ƙaura Amurka, ya zama limami a cocin Efiskofal, wato reshen Angilikan na can, a 1897. Mutum ne mai ilimi, har likitanci ya karanta. Aka ba shi kula da coci-cocin baƙaƙen fata a jihar Arkansas, ya ga abin da ya gani. A gidan da ake wa'azin 'yan'uwantaka kowace Lahadi, farar fata da baƙar fata kowa da cocinsa, kuma baƙar fata komai iliminsa ba ya shugabantar farare. Ko da aka zo aka naɗa biyu daga cikinsu bishop a 1918, mataimaka aka yi su, na 'yan'uwansu kawai. A 1920 McGuire ya zama babban limamin ƙungiyar Marcus Garvey, mutumin Jamaika da ke kiran baƙaƙen fatar duniya su tsaya da ƙafarsu. A watan Satumba na 1921, a New York, ya kafa Cocin Otodoks na Afirka. Tsarinsa shi ne ƙofa a buɗe take ga kowane launin fata, amma ragama tana hannun baƙar fata, kuma su aka fi nufa da kiran. Cikin 'yan shekaru ya bazu har Kanada da Kuba da tsibiran da McGuire ya fito.

Wannan ciwo maƙwabtanmu Yarbawa sun riga McGuire saninsa. Samuel Ajayi Crowther, wanda aka naɗa bishop a 1864, samarin mishan Turawa sun wulaƙanta shi a ƙarshen rayuwarsa, ya mutu a 1891, aka ɗauki kujerarsa aka ba Bature. A shekarar nan wasu Kiristocin Legas suka ɓalle suka kafa coci na 'yan ƙasa, wasu suka bi sahunsu a 1901. Ku riƙe wannan, don za mu dawo kansa: gidan da maƙwabcinmu ya fito, waɗanda aka rufe wa ƙofa ne suka gina shi.

Saura salsala. McGuire ya tashi a inda ba a san bishop marar salsala ba, manyan coci-cocin kuwa ba za su ba shi ba. Sai ya samu wani Bafaranshe, René Vilatte. Shi wannan, da a cikin maruwaita hadisi yake, da malaman jarhu sun sha aiki a kansa. An haife shi a Paris a 1854, ya tashi a Katolika, ya fita, ya leƙa wurin Furotesta, ya yi wa mutanen Beljiyam da suka yi ƙaura zuwa jihar Wiskonsin wa'azi, aka naɗa shi limami a Suwizalan a 1885 a wani cocin da ya ɓalle daga Fafaroma. Da ya so zama bishop bai samu mai naɗa shi a kusa ba, sai ya hau jirgin ruwa har Kolombo ta Siri Lanka. Can akwai wani Alvares, mutumin Goa ta Indiya, tsohon fadan Katolika da ya koma ƙarƙashin cocin Suryaniyawa na Antakiya. A watan Mayu na 1892 shi da wasu bishop biyu 'yan Indiya suka ɗora wa Vilatte hannu, bisa izinin da aka ce uban cocin Antakiya na lokacin ya bayar. Ya dawo ya yi ta naɗa mutane ƙasa-ƙasa bisa gaban kansa. Ranar 28 ga Satumba 1921, a Shikago, ya naɗa McGuire.

Ƙarshen Vilatte fa? A 1925 ya koma Katolika, ya bayyana nadamarsa a fili kan naɗin da ya karɓa da waɗanda ya yi wa wasu, ya mutu a Faransa a 1929. McGuire ya bi shi a 1934, cocinsa ya dare. Sannan a watan Disamba na 1938 uban cocin Suryaniyawa na Antakiya, Afram Barsum, ya fitar da sanarwa cewa cocinsa ba shi da wata alaƙa da ƙungiyoyin da ke jingina kansu gare shi ta hanyar Vilatte, bai kuma yarda da naɗinsu ba.

Mu 'yan kasuwa mun san irin wannan shari'a. Dillali ya zo maka da takarda wai Alhaji wane na Kano ya ce a ba shi huhun goro arba'in bashi. Hatimin na gaske ne, rubutun ma na gidan ne. Ka aika Kano, Alhaji ya ce lalle ya taɓa zama yaronmu, amma mun daɗe da raba gari, ba mu san abin da yake ƙullawa ba. Za ka ba da goron? Su kansu Kiristoci ba su haɗu a kan amsa ɗaya ba. Malamansu na yamma, bisa ra'ayin Agustin mutumin Arewacin Afirka, sun fi karkata ga cewa in dai an ɗora hannu yadda ya kamata naɗi ya zauna, ko da mutum ya bar jama'a, sai dai a ce ya saɓa doka. Na gabas sun fi karkata ga cewa ba a bishop shi kaɗai a daji. In ba ya tare da jama'ar cocin da sauran bishop-bishop, ɗora hannun bai tsinana masa komai ba.

Akwai wanda ya aika Kanon, kuma shi ya fi burge mu a duk labarin. Reuben Mukasa, wanda ake kira Spartas, mutumin Yuganda, ɗan Angilikan ne kuma tsohon soja. Ya karanta labarin McGuire a jaridar Garvey mai suna Negro World, ya rubuta masa wasiƙa a 1925. McGuire ya naɗa wani mutumin Afirka ta Kudu, Daniel Alexander, bishop a 1927, shi kuma ya je Yuganda ya naɗa Spartas limami a 1932, daga baya ya wuce Kenya ya naɗa wasu cikin Kikuyu da suka gaji da mulkin 'yan mishan. Ana nan sai wani Bagirke mazaunin Kampala ya ga yadda suke ibada, ya ce wa Spartas wannan fa ba irin ta Otodoks ba ce. Da wani ne sai ya ce hassada ce. Spartas ya bincika, ya rabu da wanda ya naɗa shi, ya yi ta bibiyar Iskandariya shekara da shekaru har aka karɓe su a 1946. A 1972 aka naɗa shi bishop a ƙarƙashinta. Haka aka yi a Gana. Wani Bresi-Ando ya je Landan a 1935 ya karɓo naɗi daga salsalar Vilatte, har ya zauna shekaru a Aba ta ƙasar nan. Bayan mutuwarsa samarin cocinsa suka gano inda igiyar ta tsinke, suka nemi Iskandariya, aka karɓe su a 1982. Wasu kuma suka zaɓi su ci gaba da zaman kansu, daga cikin irinsu maƙwabcinmu ya fito.

To, masu takarda za su ce kun ji, liman da bakinsa ya tabbatar na bogi ne. A'a, ku tsaya. Abin da muka tabbatar shi ne Antakiya ba ta san da shi ba, wannan kuwa rigimar cikin gidansu ce. A wurinmu ko uban cocin Antakiya ne da kansa ya zo ya buɗe reshe a bayan tasha, aƙidarmu ba ta motsa ko taku ɗaya ba. Annabi Isa bawan Allah ne kuma manzonsa, ba ɗansa ba, a kan haka muke raye, a kai muke fatan cikawa. Mai ingantacciyar salsala da mai tsinkakkiya duk Ahlul Kitabi ne a wurinmu, duk maƙwabta ne, hukuncin zama da su ɗaya ne. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya karɓi tawagar Kiristocin Najran a Madina, aka yi muhawara, aka rabu kowa da addininsa da yarjejeniya a tsakani. Yaushe aka naɗa mutanen Sabo alƙalan tantance bishop?

Kuma wa za ku kai wa ƙarar? Shugaban ƙaramar hukuma ba ya duba salsala. Sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin addininsa da na yaɗa shi, bai ce sai mai ijaza ba. Sashen nan shi ne rumfar da masallatanmu suke fakewa a ciki a garin da ba kakanmu ya sare shi ba. Ku ƙirga masallatan unguwar nan, manya da ƙanana, ku gaya mana nawa ne suke da takardar izinin gini. Ranar da kuka koya wa hukuma cewa ƙorafin maƙwabta ya isa a garƙame wurin ibada, ku tuna 'yan gari sun fi mu yawan yatsu. Waɗanda suka ga Shagamu a 1999, da abin da ya biyo baya a Kano, suna nan da ransu. Idi-Araba a 2002, Sabon Ife a 2017, kasuwar Shasha a 2021, ku tambayi waɗanda suka tsira ko akwai wadda ta fara da babban abu. Samarin da ke cewa in hukuma ba ta rufe ba su za su rufe, yawancinsu ba su taɓa kwana a bariki da yara a hannu suna jiran motar Arewa ba. Mu mun kwana.

Sannan laifi tudu ne. A unguwar nan akwai wanda ya tafi Umara sati biyu ya dawo da ijazar Kutubus Sitta. Akwai wanda ya kwanta yana Malam ya tashi yana Shehi, har da kalanda mai hotonsa. Akwai mai karɓar kuɗin mata yana cewa wani babban shehi ne ya ba shi izini hannu da hannu, shehin kuwa ya rasu tun shi yana goye. Wa ya taɓa aikawa ya tambaya? Spartas Kirista ne, ya yi abin da malaman hadisi suka koya mana mu yi, mu da muka gaji ilimin muna layi muna sumbatar hannu. Wannan magana ce ta wata rana, amma ba za mu wuce ba mu taɓa ta ba.

Yanzu maganar yara, wadda ita ce ta gaske, ita ce kuma ta hana mu barci.

Gaskiya ne yaranmu suna kwana a barandar cocin. Ba ji muka yi ba, mun je. Daren Laraba, kafin kiran assalatu, muka bi ta bayan tasha muka ƙirga mutum goma sha ɗaya kwance a kan kwalaye. 'Yan acaɓa ne da masu tura baro da 'yan garuwa, yawancinsu mutanen Zamfara da Sakkwato da Katsina waɗanda 'yan bindiga suka tashi ƙauyukansu, suka hau saman tirelar albasa suka sauka nan ba su san kowa ba. Da aka kira sallah suka tashi, suka yi alwala a famfon cocin da butocin da mai gadi ya ajiye musu, suka taho masallacinmu suka tsaya a sahu bayanmu. Wallahi ranar da ƙyar muka kai ƙarshen Fatiha. Bayan an sallame muka kira ƙaraminsu muka ce, “Yaro, me ya kai ku can?” Ya sunkuyar da kai ya ce, “Baba, can ne ba a korar mu.”

Jama'a, a kan me aka gina Sabo? Ta Ibadan tun 1916, da sauran da suka biyo ta, a kan mai gida da baƙonsa aka gina su. Falke ya sauko da shanu ko ya zo sayen goro, ya sauka gidan mai gida, a ba shi ɗaki da tuwo, a ajiye masa kuɗinsa, a haɗa shi da dillali, a tsaya masa in bashi ya shiga tsakani. Duk attajirin da kuke gani a unguwar nan, shi ko ubansa a zauren wani ya fara kwana. Mu kanmu da ƙullin kaya ɗaya muka sauka, muka yi wata bakwai a zauren wani bawan Allah da bai haɗa komai da mu ba sai kalmar shahada, Allah ya jiƙansa ya sa ya huta. Da bakinmu muke cewa baƙonka Annabinka.

Ɗakuna biyu na jikin masallacin layinmu, waɗanda magabata suka gina don baƙi, shekara biyar ke nan da aka fasa bangonsu ta waje aka mai da su shaguna, wai a samu kuɗin man janareta. Muna zaune a taron, ba mu ce uffan ba, wannan laifin har da mu. Da aka sace amfilifaya aka ce a riƙa kulle masallaci bayan isha'i. Da kuɗin tayar da ruwa ya yi yawa aka sa wa famfo kwaɗo. Masu zaure kuma ɗaya bayan ɗaya suka toshe shi suka zuba 'yan haya. Kowane mataki ya zo da dalilinsa mai daɗin ji. Da aka gama, sai ga shi babu inda baƙon Musulmi zai sa haƙarƙarinsa a Sabo in ba ya da kuɗin haya na shekara a aljihu.

Kada wani ya ce mun mai da limamin cocin waliyyi. Mun same shi da rana mun gaisa, yana ce mana Alfa kamar yadda 'yan gari suke yi. Muka tambaye shi ko Antakiya ta san da shi, ya yi murmushi ya ce su masu zaman kansu ne. Muka tambaye shi ko yana son yaran nan su shiga addininsa. Bai ɓoye ba, ya ce zai yi murna, amma ba ya tilasta kowa, kuma ba ya ɗora sharaɗi a kan ruwa da wurin kwana. Rabin farko mun gaskata shi ɗari bisa ɗari, na biyun lokaci ne zai nuna. Aikinsa yake yi, aikin da aka kafa gidansu a kai tun 1921, tattara waɗanda aka rufe wa ƙofa. Sai dai a wannan karon ba Turawan Arkansas ne suka rufe ƙofar ba. Yau babu wanda ya bar sallah a cikin goma sha ɗayan nan, alhamdu lillahi. Amma yaro ɗan shekara goma sha biyar da zazzaɓi ya kayar a garin da ba uwa ba uba, wanda ya ɗauke shi ya kai shi kemis ya biya, shi zai riƙa ce wa baba. Jerin sunayen nan ba shi zai ja shi ba, bai ma iya karanta shi ba.

In aka rufe cocin gobe, ina yaran za su kwana jibi? Ƙarƙashin gada, tare da masu sayar da ƙwaya, inda 'yan sintiri za su kwashe su da dare a ce ɓarayi ne, mu kuma mu tashi da safe muna neman kuɗin beli. Mun yi wa mai yawo da takardar wannan tambaya, ya ce Allah zai kawo mafita. Haba Alhaji! Ɗaki nawa ne a gidanka na sabon layi?

Ga abin da za mu kawo a taron Juma'a mai zuwa bayan an sauko, muna kuma roƙon iyayenmu dattawa su ba mu minti goma. Hayar ɗaya daga cikin shagunan biyu tana ƙarewa ƙarshen watan nan. Kada a sabunta ta, a toshe ƙofar waje, a mayar da ɗakin yadda magabata suka bar shi. Kuɗin man da za a rasa mun lissafa, in mutum goma suka ɗauka a tsakaninsu bai kai abin da kowannensu ke kashewa a katin waya ba, kuma a rubuta sunanmu na farko. A cire kwaɗon famfo. Amfilifaya a yi mata akwatin ƙarfe, a daina kulle ɗakin Allah saboda ita. Duk mai zaure da zai iya ɗaukar ko mutum biyu ne ya ba ladan sunansa, kuma a samu dattijo ɗaya da zai riƙa rubuta sunan kowane baƙo da garinsu, don a san wa ke wurin wa, kamar yadda masu gida na da suke yi.

Ɗakin ajiyar goronmu na bayan shago mun kwashe rabinsa tun ranar Alhamis, an shimfiɗa tabarmi, huɗu daga cikin yaran suna kwana a can yanzu. Saura bakwai. Makullin ɗakin baƙi yana hannun ma'aji, kuma ranar Juma'a a gaban kowa za mu tambaye shi.

Wassalamu alaikum.